Guɗa a Ɗakin Hoton Ciki

Likita ta ƙara danna kan na'urar a ƙasan cibiyar Junali, ta karkata kai tana duban allo. Zulaihatu na tsaye a gefen gadon, riƙe da gyalen Junali da jakarta, ita ma ta ƙura wa allon ido, ko da yake ba abin da take ganewa sai wani duhu-duhu mai motsi. A kujerar bakin ƙofa kuwa uwar mijin Junali ce, tsohuwa Bimla, ta miƙe ƙafarta mai ciwon gwiwa, bakinta sai motsi yake yi. Tun a cikin tasi take nanata wa Zulaihatu magana ɗaya, cewa da an shiga ta tambayi likita ko namiji ne ko mace.

Abin da ya kawo Zulaihatu asibitin ke nan. Likita Samar Larabci take yi da Turanci, su kuwa matan nan biyu Indiyawa ne, ko ɗaya daga ciki ba sa ji. Zulaihatu ce mai yi musu aikin gida, Bahaushiyar Gusau da ta shekara bakwai a Alkahira tare da mijinta mai karatun hadisi. Larabcin Masar ya zauna a bakinta, Indiyanci kuma tana jin sa daidai gwargwado, don haka duk inda za a je ita ce bakin gidan.

Ta yi tambayar. Likita ta yi murmushi ba tare da ta ɗago kai ba.

"Mabruk," in ji ta, wato barka. "Mace ce, lafiyarta ƙalau. Dubi yadda take harbe-harbe."

Ba za a ce Zulaihatu ta yi niyyar abin da ya biyo baya ba. 'Ya'yanta uku duk maza ne, masu fasa kofi da yaga wando, kuma ta daɗe da gajiya da sayen ƙwallo. Ba ta iya wuce shagon kayan jarirai a titin Faisal, unguwarsu, ba tare da ta tsaya kallon 'yan riguna masu leshi ba. Ga shi uwarta ce maguɗiyar unguwarsu a Gusau, ba a kai amarya ko a raɗa suna sai an aika an kira ta, abin a jini yake. Kafin ta ankara ta kama hanci da yatsu biyu ta rangaɗa guɗa, 'yar gajeruwa amma mai zaƙi. Nas ɗin da ke tsaye da tawul, wata Israa, ta kwashe da dariya ta mayar mata da irin ta Misirawa, wadda ake yi da harshe.

Tsohuwa Bimla ta miƙe zumbur, ta manta da gwiwa. Ta ɗaga hannu sama tana kiran sunayen allolin da take bauta wa, hawaye na bin kuncinta, sannan ta zo ta kama fuskar Zulaihatu da tafukanta biyu, ita da ba ta yarda 'yar aiki ta sha ruwa a kofinta ba.

"Namiji ne," in ji ta. "Na sani. Tun jiya jikina ke gaya mini."

Zulaihatu ta yi dariya, ta buɗe baki za ta gyara mata. Sai ta ji an damƙi wuyan hannunta. Junali ce, daga kwancen da take, cikinta a buɗe da man sikanin a kai. Ta nutsa farce a fatar Zulaihatu har sai da ya yi zafi. Zulaihatu ba ta taɓa ganin tsoro irin wanda ke idon yarinyar nan ba. Ta mayar da bakinta ta rufe.

Likita ta miƙa takardar sakamako. Zulaihatu ta duba ta sama da ƙasa. Akwai tsawon ƙashi da bugun zuciya da wata huɗu da rabi, amma ba inda aka rubuta mace ko namiji.

A hanyar komawa gida, unguwar Hadayek el-Maadi, tsohuwa ta sa mai tasi ya tsaya a shagon kayan zaƙi, ta tura Zulaihatu ta sayo basbusa kwali biyu. Ta ba mai tasi, ta ba Muhannad mai gadin gidan, ta ba wata makwabciya da ba ta taɓa yi wa sallama ba. Junali na rakuɓe a jikin ƙofar mota tana kallon titi. Zulaihatu kuwa ta rasa inda za ta sa abin da ta gani.

Indiyancin nata ba a makaranta ta koya ba. A falon kawunta ta koye shi, ita da sauran yaran gidan, a gaban talabijin, shekara da shekaru, har ta kai tana gaya wa manya abin da jarumi zai ce kafin ya faɗa. Ranar da ta fara zuwa neman aikin nan ta gaida tsohuwa da irin gaisuwar fim, tsohuwa ta yi dariya har da riƙe ciki, aka ɗauke ta nan take. Ita dai a tunaninta ta san Indiyawa ciki da waje. A Indiyar da ta sani, uba kuka yake yi ranar da za a kai 'yarsa gidan miji, har ya sa 'yan kallo a Gusau su yi ta share hanci da bakin zane. To me zai sa a ce mace ce, mai ciki ta firgita haka?

Suna shiga gida tsohuwa ta wuce kicin, ta ɗauko babban tiren tagulla da ludayi, ta fita baranda ta shiga buga shi da ƙarfinta. Makwabta suka leƙo ta tagogi. Ta juyo baki har kunne ta gaya wa Zulaihatu cewa a ƙauyensu na Haryana haka ake yi idan an sami namiji, don kowa ya ji. Ta ce ƙa'ida sai an haihu ake bugawa, amma ita ta shekara takwas tana jira, ba za ta ƙara ko kwana ɗaya ba. Zulaihatu ta tambaye ta me ake bugawa idan mace ce. Tsohuwa ta dube ta kamar ta tambayi abin da ba a tambaya, ta ce ba a buga komai.

Sai da tsohuwa ta shiga ɗaki tana kiran dangi a waya sannan Junali ta shigo kicin ta tura ƙofa. Zulaihatu na yanka albasa. Junali siririya ce, ba ta wuce ashirin da shida ba, mai ƙananan idanu, ba ta kama da mijinta ko uwarsa ko kaɗan. Wata biyar suna tare, amma maganarsu ba ta taɓa wuce ta gishiri da sabulu ba.

"Didi," in ji ta, wato yaya, haka take kiranta. "Na ji abin da likita ta ce. Kalmar da mai gadi ke kiran 'yarsa da ita ce. Na san ta."

"To me ya sa kika hana ni magana?"

Junali ta nuna ƙofar ɗakin kwana da haɓa. Akwai shuɗiyar akwati a tsaye a wurin. Zulaihatu ta san ta sarai, don ita ta goge kayan da ke ciki jiya, ita ta ninke su ta jera, da aka ce mata wataƙila su je gida ganin dangi ranar Alhamis.

Junali ta yi bayani a hankali, da Indiyanci mai sauƙi, tana tsayawa duk inda ta ga Zulaihatu ba ta gane ba. Ta ce a ƙasarsu doka ta hana likita ya faɗi ko mace ce ko namiji, saboda abin da mutane ke yi idan sun ji. Shi ya sa tsohuwa ta ji daɗi da ta sami labarin a Masar ana faɗa a fili. Tikiti biyu na jirgi suna nan an tanada. Da an ce mace ce, ranar Alhamis za su tafi, kuma akwai wata mata a bayan wani shagon magani a garin da ke kusa da ƙauyen, wadda ke zubar da ciki ba ta tambayar komai. Junali ta san ɗakin matar, don an taɓa kai ta, shekara uku da suka wuce, da ciki wata biyar.

Zulaihatu ta ajiye wuƙar.

Kafin wannan ma akwai ta fari, in ji Junali. Ita an haife ta, a gida, da rai da lafiya, mai yawan gashi. Ta kwana uku. A kwana na huɗu tsohuwa da ungozoma suka ɗauke ta za su yi mata wanka, suka dawo da ita a naɗe, suka ce ta shaƙe da nono. Ba a raɗa mata suna ba, ba a rubuta ta a ko'ina ba, kuma ba wanda ya zo gaisuwa. Junali ta faɗi wannan idonta a bushe, tana tsince ɓawon albasa daga kan tebur tana tarawa a tafin hannu.

Zulaihatu ta jingina da firij. Ta tambaye ta ina iyayenta suke, da za su zuba ido a yi mata haka.

Nan ne Junali ta yi 'yar dariya mara daɗi. Ta ce ita ba 'yar Haryana ba ce. Daga Assam take, can gabas, tafiyar kwana biyu a jirgin ƙasa, harshensu ma daban. Tana da shekara goma sha takwas ambaliya ta cinye musu gona, wani mutum ya zo ya ce zai sama mata aiki a birni. Aikin shi ne Satbir, mijinta na yanzu, wanda ya kusa arba'in a lokacin bai sami mata ba. A ƙauyensu 'yan mata sun yi ƙaranci, sai an je nesa an sayo, kamar yadda ake sayo saniya daga wata kasuwa. Irinta sun kai goma sha a ƙauyen, kowa ya san su, ba a kiran su biki. Ƙannen Satbir biyu har yau suna nan gwauraye, tsohuwa kullum tana kukan ba matan aure.

"Ita da kanta?" in ji Zulaihatu.

"Ita da kanta."

Zulaihatu ta ji wani ɓacin rai ya taso mata har kunnuwanta suka yi zafi. Ta so ta fita falo ta ƙwace ludayin nan. Amma abin da ta iya cewa shi ne ai ciki ba ya ɓoyuwa har abada, ranar haihuwa fa?

"Sati shida kawai nake nema, Didi. Bayan nan ko waccan matar ba za ta taɓa ni ba, tana tsoron gawa a ɗakinta. Kuma tunda namiji ne a wurinsu, ba za su yarda in hau jirgi ba, a nan zan haihu. A nan akwai asibiti, akwai nas, akwai takarda. Idan ta fito za a rubuta ta. Wadda aka rubuta ba ta shaƙewa da nono."

"Ke kuma fa? Me za su yi miki?"

"Ni su yi duk abin da suka ga dama. Sun riga sun yi."

Da azahar Zulaihatu ta shimfiɗa sallaya a 'yar barandar bayan kicin, tsakanin tukunyar gas da igiyar shanya. Ta yi sallah, ba ta san abin da ta karanta ba. Da ta sallame ta kira mijinta, Malam Abdulwahab. Ya ce yanzu ya fito daga darasi, yana jiran mota. Ta ba shi labari a gurguje, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ya yi salati, sannan ya shiga bayani irin na malamai. Ya ce ita dai ba ta yi ƙarya ba, guɗa ta yi, tsohuwa ce ta fassara da kanta. Ya ce ko da ƙaryar ce ma, malamai sun yi magana a kan ceton rai, mas'alar tana da faɗi. Amma ba wannan ne ya dame shi ba.

"Maman Ismail, kin san ikamarki, takardar zamanki a ƙasar nan, ta matar ɗalibi ce, ba ta aiki ba. Idan abin nan ya fashe, mutumin nan ya kai ƙara, mu ne a ciki, da ni da ke da yara. Ki gama aikin yau ki yi musu sallama, khalas, shi ke nan. Allah zai kawo wani gidan."

"Idan na tafi wa zai raka su asibiti wata mai zuwa? Matar mai gadi za su ɗauka. Ita kuwa abin da ta ji shi za ta faɗa."

"Ma'alish, sai haƙuri, amma ba ke kika halicce su ba." Ya ja numfashi. Ta ji ƙarar motoci a bayansa. "To ki ji. Duk abin da za ki yi, kada ki sa sunan Allah a ciki. Ni dai ban so ki kai can."

Ba sai ya gaya mata ba. A gidansu ba a rantsuwa. Mahaifinta ya shekara arba'in yana sayar da hatsi a kasuwar Gusau, ba wanda ya taɓa jin wallahi a bakinsa, kuma duk yaron da ya faɗe ta a tsakar gida sai ya sha mari a baki, ko da gaskiyarsa. Suna da wani makwabci da ya rantse a kan iyakar gona, bai shekara ba ɓarin jikinsa ya shanye, kuma duk unguwa ba wanda ya yi shakkar dalili. Da wannan ta girma. Ta ce wa Malam ta ji, ta kashe wayar, ta koma ta ɗora shinkafa.

Satbir makanikin injuna ne a wata masaƙa da ke wajen gari, sai ƙarshen mako yake zuwa gida. Tun safe uwarsa ke neman sa, wayarsa a kashe saboda aiki. Sai bayan la'asar ya kira, kiran da ake ganin fuska. Zulaihatu na goge teburin falo tana jin tsohuwa na zuba masa albishir, tana kuka tana dariya. Junali na zaune a ƙasa kusa da kujera, ta sunkuyar da kai. Can sai tsohuwa ta miƙo wa Zulaihatu wayar, ta ce ga shi yana son magana da ita.

Fuskarsa ta cika allon, da furfura a gemu da baƙin mai a goshi, a bayansa injuna na ruri. Ba mugun mutum ba ne a ido. Bai taɓa ɗaga wa Zulaihatu murya ba, ran sallah ma har kaji ya aika wa yaranta. Ya shekara shida cikin leburorin Masar, ya iya Larabcin masaƙa, don haka da shi ya yi mata magana, uwarsa ba ta ji.

"Mama ta tsufa," in ji shi. "Abin da take so ta ji shi take ji. Ta ce ihu kika yi, ba magana ba. Ni ina son in ji daga bakinki. Me likita ta ce, namiji ko mace?"

Zulaihatu ta gyara riƙon wayar. Ba ta dubi Junali ba, amma tana jin numfashinta.

"Namiji," in ji ta.

Ya ƙura mata ido. Sai ya matso da wayar kusa da fuskarsa.

"Na zauna da Musulmi. Na san akwai masu faɗin wallahi kamar shan ruwa, akwai kuma waɗanda ba sa wasa da ita. Ke ina ganin ki kina sallah a bayan kicin, ban taɓa jin kin faɗe ta ba. Ki ce wallahi, in soke tikiti yanzu."

Ta tuna da mahaifinta a bakin buhunan gero. Ta tuna da makwabcin nan da ake fito da shi rana a kan tabarma, yawu na zuba. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba tun tana yarinya. Ta ɗauke ido daga wayar, sai ya sauka a kan shuɗiyar akwatin da ke bakin ƙofa, wadda ita ta ninke kayan cikinta da hannunta, har da fesa turare.

"Wallahi," in ji Zulaihatu. "Namiji ne."

Satbir ya rufe ido. Da ya buɗe su sun kawo ruwa. Ya yi mata godiya har sau uku, ya ce ta gaya wa Mama a kwance akwati, ba inda za a je. Ya ce wata mai zuwa zai nemi hutu ya zo asibitin da kansa, yana son ya ga ɗansa a allo. Zulaihatu ta ce tamam, wato ba damuwa. A ranta ta riga ta san gobe kafin ta zo aiki sai ta sauka a asibitin, ta jira Likita Samar ko da awa nawa ne, ta roƙe ta ta rufa asirin, kuma ba ta san abin da likitar za ta ce ba.

Tsohuwa ce ta ja akwatin da kanta zuwa tsakar falo, ta zauna a kujera tana fito da kayan ɗaya bayan ɗaya tana miƙa wa Zulaihatu. Ta hana Junali ɗaga ko da tawul. Ta ce daga yau ba shara, ba wanki, madara safe da yamma. Tana yi tana lissafa abin da jikanta zai zama, da gonar da zai gada, da yadda shi ne zai kunna wutar ƙona gawarta idan ta mutu, don a wurinsu wannan aikin namiji ne. Can sai ta tsaya, riga a hannu, fuskarta ta canza.

"Abu ɗaya ke damuna," in ji ta. "Idan ya girma, ina za mu samo masa mata? Yanzu ma sai an je ƙarshen duniya. Nan da shekara ashirin da biyar kuwa ban san yadda za a yi ba." Ta dubi Zulaihatu da gaske, ba wasa a idonta. "Ku a ƙasarku akwai 'yan mata da yawa?"

"Akwai su, Mata-ji," in ji Zulaihatu, wato Inna, haka take kiran tsohuwa.

"Kun ji daɗi," in ji tsohuwa, ta yi ajiyar zuciya. "Mu kam ban san inda namu suke tafiya ba."

Zulaihatu ta karɓi rigar ta ninke. Sai da ta sake ninkin sau biyu.

Ta gama aiki, ta sa hijabinta, ta shiga kicin ɗaukar jakarta. Akwai jirgin ƙasa biyu da mota ɗaya tsakaninta da gidanta a Faisal, ga yara za su dawo daga makarantar yamma, ga Malam da za ta kalla a ido. Wallahin nan na nan a bakinta kamar ɗacin magani, ta kurkure baki a famfo bai tafi ba. Tana juyowa ta ga Junali a bakin ƙofa.

"Didi, wannan kukan da kika yi a asibiti, me ake ce masa?"

"Guɗa."

"Yaushe kuke yin sa?"

Zulaihatu ta ce idan an kawo amarya, ko an haihu, ko ranar suna, duk dai abin da ya yi daɗi har baki ya kasa faɗa.

"Ko da mace aka haifa?"

"Ko da mace aka haifa."

Junali ta tura ƙofar ta rufe. Ta matso, ta kama hannun Zulaihatu, wanda har yanzu shatin farcenta ke kai, ta ɗora shi a kan cikinta.

"Wancan na safe tsohuwa ta ɗauke, ta ba ɗan da babu shi," in ji ta. "Ki sake yi. Wannan na 'yata ne. 'Ya'yana biyu sun zo sun tafi, ba wanda ya yi musu ko tafi."

Zulaihatu ta so ta ce ba za ta iya ba. Amma ta kama hanci da ɗaya hannun. Da farko muryar ta fito a karye, sannan ta miƙe, ta yi tsawo, irin ta uwarta a ƙofar ɗakin mai jego, hawaye na sauka a kan yatsunta. Junali ta rufe ido tana saurare.

Daga falo suka ji tsohuwa ta yi dariyar jin daɗi. Sai ga ƙarar ludayi a kan tiren tagulla, tana amsa musu.